Ranar Buɗe Ruwa a Rafin Marke

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku, kuma labarin ba mai daɗin faɗa ba ne.

A Rafin Marke akwai madatsar ruwa ta ƙasa, wadda ke tare ruwan damina a yi noman rani. Malam Nagoma ne mai kula da ita har ya rasu, ya bar matarsa Tabawa da 'ya'ya maza uku. Da yake aikin gado ne, gari ya bar musu amanar.

To, ku ji abin kunya. Jatau, babbansu, zai gina ɗaki, ya ga babu jar ƙasa mai kyau kamar ta bangon madatsar, ya riƙa ɗiba. Nomau ya ji ƙyuyar zagayawa mashaya, ya riƙa kora shanunsa ta kan bangon har suka yi turba. Cindo, autansu, ya ga tsagewa da idonsa, amma ya yi gum, wai ƙane ba ya tona asirin yayyensa. Damina na kankama, bango ya ɓalle. Rani ya zo ba albasa ba tumatir, rijiyoyi suka ƙafe. Mata suka koma ɗibar ruwa a wani gari, suna wuce ƙofar Tabawa ba sallama. Tsohuwa ta shige ɗaki, ko barka ko ta'aziyya ta daina fita.

Ganin haka, Jatau ya rushe ɗakin nan da hannunsa, ya kai iyalinsa rumfar kara, ya mayar da ƙasar inda ya ɗebo ta.

Nomau ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya yi ta jidar duwatsu har bijimin da yake ji da shi ya karye, aka yanka.

Amma mutum uku ba sa tare rafi. Cindo ya miƙe bayan sallar Juma'a, ya faɗi abin da kowannensu ya yi, har da shirunsa, ya roƙi gayya. An zage shi son rai, yayyensa suka daina yi masa magana, amma gari ya fito, aka yashe laka, aka ɗaga bango.

Damina ta zagayo, madatsa ta cika, rijiyoyi suka kawo ruwa. A al'adarsu, magajin mai madatsa ne ke zare katakon da ya toshe ruwa ranar buɗewa, sai mai gari ya ce Tabawa ta zaɓa. Ta fito, mayafi har goshi, ta dubi 'ya'yanta, ta ce, “Ku kuka shigar da ni ɗaki, ku kuka fito da ni. Waninku ya matso.”

Jatau ya ce, “Inna, ni na haƙa, ba ni da idon matsowa.” Sauran biyun suka sunkuyar da kai. Ga dashen albasar mutane yana yaushi a rana, ba wanda ya motsa.

To jama'a, in ku ne Tabawa, wa za ku ce ya zare katakon nan?