Awon Jinin Malam Sallau

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Malam Sallau, mai gyaran keken ɗinki. Ranar da nake ba ku labari yana kwance a bayan a-kori-kura, an nufi asibiti da shi, bakinsa ya karkace. Abin da aka ɗauko masa: tabarma, buta, bargo, wayarsa, da na'urar awon jini.

Ku saurara ku ji yadda aka kai ga haka.

Yana da hawan jini. 'Yarsa Lantana, wadda ke aure a birni, ta saya masa na'urar, ta sa masa manhaja a waya. Duk awon da aka yi, na'urar za ta tura wa waya, waya ta tura wa Lantana, ita kuma ta nuna wa likita. Kore lafiya, ja haɗari. Ta ce kullum ya auna bayan la'asar.

To, bayan la'asar ƙofar shagonsa majalisa ce. Rana ta farko Barau mahauci ya miƙo hannu.

"Malam, auna ni. Jiya maiɗakina ta zuba gishiri kamar tana fushi da ni."

"Kai da ke cin kitse a tsaye, gishiri za ka ɗora wa laifi?"

Aka yi dariya, aka auna Barau. Sai tela. Sai ladan. Kafin mako guda har masu turin ruwa suna tsayawa, majiya ƙarfi, jininsu lafiya lau. Malam Sallau bai taɓa cewa a'a ba. Shi ke ɗaura wa kowa, shi ke cewa a yi shiru, a daina motsi. Wanda nasa ya hau, ya ce masa ya je asibiti, wani ma shi da kansa zai raka shi. Kafin layi ya ƙare an kira magariba. Sai ya naɗe na'urar ya ce nasa sai gobe.

Gobe kuma haka. Jibi haka.

Waya ba ta san hannun kowa ba. Duk abin da ya shigo, da sunan Sallau take rubutawa. Lantana ta kira shi.

"Baba, na ga jininka yana ta sauka. Yawanci kore ne."

"Alhamdu lillahi, Uwata."

"Kan fa? Ya daina ciwo?"

"Da sauƙi."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. Shi a ganinsa waya ta fi shi sani, kuma ba a yi masa tarbiyyar kai kuka wurin 'ya ba. Likita ya duba wata uku na awo, ya rage masa magani. Bayan sati biyar ya faɗi a kan keken da yake gyara.

Ya rayu. Hannun dama bai dawo ba.

Jama'a, mutum nawa ya auna? Sun fi arba'in. A cikinsu akwai waɗanda ya tsamo daga bakin mutuwa. Babu ɗaya da ya taɓa cewa, Malam, kai fa? Kawo hannunka in ɗaura maka. Ladansa yana wurin Allah, ban damu da wannan ba. Mu nake ji. Kowannenku yana da wanda yake ɗiba a wurinsa kullum, uwa ko maƙwabci ko abokin aiki, kuma don bai yi ƙorafi ba kun ɗauka lafiyarsa ƙalau. Mai kirki ba zai ce muku ya gaji ba. Ku za ku tambaya, ku sake tambaya, kada "da sauƙi" ta ishe ku. Wanda ya karɓi alheri bai duba mai bayarwa ba, ya ci amana ko bai sani ba.

Da Lantana ta dawo da shi gida, majalisa ta zo dubiya. Aka yi addu'a. Da za su tashi, Barau ya tsaya a bakin zaure yana murza hula.

"'Yata, na'urar nan tana kusa? Kwana biyu kaina yana sarawa."

Lantana ta dube shi. Daga ciki uban ya yi magana da rabin baki, sai da ta je ta sunkuya ta ji.

"Ba su, Uwata. Su riƙe."

Ta raba na'urar da wayar, ta ajiye musu ita a kan dakali. Ta ja ƙofa ta sa sakata, sannan ta yi magana ta bayan ƙyaure.

"Gobe da safe zan tafi da shi. Ba zai dawo garin nan ba."