Dutsen Ɗan Gajere

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

To, ku matso. Wasu kwaɗi ne su biyar suke gadin rafi. Kowa da dutsensa, an jera su daidai inda murya take kaiwa. In ambaliya ta taso daga tudu, sai na farko ya yi kuka, na biyu ya karɓa, har ya isa kududdufin da 'ya'yansu suke, iyaye mata su kwashe su. In babu komai kuwa, kowa ya yi shiru.

Na huɗu shi ne Burduddugi. Sun yi faɗa da na uku, Ɗan Gajere, a kan fara guda, suka daina gaisawa. Kwana bakwai bai ji motsinsa ba, sai ya ce, "Shiru ai lafiya ce."

Ran na takwas ya leƙa. Dutse wayam, sai sawun zalɓe a laka. Ya ƙwala wa na biyu kira, murya ba ta kai ba.

Sai ya yi tattaki wurinsa. "Malam Jatau, zalɓe ya ɗauke Ɗan Gajere. Ka koma dutsensa."

"Ni? Dutsen nan gadon ubana ne. Kai me ya hana ka?"

"Nawa akwai inuwa."

Sai ya hau wurin na farko. "Baba Dogo, ka sauko ka cike gurbin."

"In sauko, wa zai ga ruwa? Kakarka?"

Sai ya gangara wurin ta biyar. "Inna Tabawa, ko ke?"

"Da wannan ƙafar tawa? Kai dai jikinka ne ba ka son motsawa."

Burduddugi ya koma inuwarsa, ya ce gobe a sake shawara.

Da la'asar hadari ya zuba a tudu. Baba Dogo ya yi kuka. Jatau ya karɓa, ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Kuka ya iso dutsen Ɗan Gajere, babu mai karɓa. Burduddugi bai sani ba sai da ruwa ya taɓa masa ciki. Ya yi ihu, amma ruwa ya riga ihun isa. Ambaliya ta tafi da 'ya'yan da ke kududdufi duka, har da nasa goma sha biyu.

Da gari ya waye, ba mai kallon idon wani. Jatau ya matso ƙasa tsalle bakwai, Burduddugi ya matsa sama tsalle bakwai. Ya ce wa Jatau, "Kana ji na?"

"Ina ji."

Burduddugi ya sunkuyar da kai. "Ashe tsalle bakwai ne kawai."

Shi ya sa har yau in damina ta yi, kuke jin kwaɗi ba sa yin shiru. Tambaya suke: kana nan? Ina nan.

Ƙurunƙus kan kusu, ba don gizo ba da na yi ƙarya. In ka ji maƙwabcinka shiru, tashi ka leƙa shi. Ku je ku kwanta.