Sunan da Kaka Domnica Ta Hana a Sa Cikin Matattu

Akwai wani ɗan ƙauyenmu mai suna Liviu, ma'aikacin gidan rediyo a birnin Iași. Mutum ne mai ƙwazo, wannan kam ba mai ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya ce: yana ganin ya san ƙarshen maganarka tun kafin ka buɗe baki.

A ƙarshen wani watan Oktoba, bayan an gama cire masara, ya ɗauki hutu ya zo ƙauye da rikoda a jaka. Ya zo ne ya ɗauki muryar kakarsa Domnica, mai shekara tamanin da bakwai. Idonta ya yi rauni, amma kunne da baki lafiya lau.

Yana son ta ba shi labarin yadda suka riƙe addininsu a zamanin kwaminisanci, lokacin da zuwa coci kan iya raba mutum da aikinsa. Ya fi ƙwallafa rai a kan yayanta Gavril, wanda ya ɓoye wani fada, wato limamin coci, a rumbun ciyawa, asiri ya tonu, ya gudu a shekarar 1959. Tun daga ranar ba wanda ya sake sa shi a ido.

Ya ajiye rikoda a kan tebur ya ce, "Kaka, ba ni labarin ranar da aka zo kama Gavril."

Ta ce, "Zan ba ka. Ci abinci tukuna. Dubi wuyanka kamar na zakaran da ruwa ya doka. A birnin naku ba a ɗora tukunya ne?"

Ya ci tuwon masara da cuku a gaggauce, ya danna rikoda.

Kaka Domnica ba ta fara labarin mutanen da sai ta ambace su. Ta yi alamar gicciye, ta shiga jero sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya, masu rai tukuna, sannan waɗanda suka riga mu. Da ta gama, sai ta ce, "To, akwai wata mata mai sayar da zuma, da wani cokalin katako..."

Liviu ya kashe rikoda.

"Kaka, cokali kuma? Ni labarin gudu nake so. Motar da suka zo da ita, abin da suka ce, ta inda ya bi."

"Ai can za ni."

"Ta hanyar cokali? Sai mu kai Kirsimeti ba mu isa ba."

Ta dube shi ta yi murmushi, ta ba shi abin da yake so: mota baƙa, mutum uku, da katangar bayan gida. Ya ji daɗi ya rufe rikoda. Cokali bai sake tasowa ba.

Asabar ɗin makon ita ce Asabar ta tunawa da mamata. A ranar kowane gida kan kai wa fada takarda mai layi biyu: masu rai a gefe guda, mamata a ɗaya gefen. Akan haɗa da burodi, da kyandir, da dafaffiyar alkama mai zuma. Fada ya yi wa masu rai addu'a a bagade, mamata kuwa ya kira sunayensu da ƙarfi kowa na ji.

Kaka ba ta yi makaranta ba. Shekara da shekaru maƙwabciyarta ke rubuta mata, ita kuma maƙwabciyar ta rasu a bazarar. Liviu ya ce ai ba komai, sunayen suna cikin rikoda, zai rubuta mata tsaf.

Yana rubutawa ya ji Gavril a cikin masu rai. Ya yi lissafi: da mutumin yana nan, da ya cika tasa'in, ga shekara hamsin da shida ba labari. Ya girgiza kai ya ce a ransa, tsufa ke nan. Ya ɗauke sunan ya mayar layin mamata. Bai tambaye ta ba. Mai gyara ai ba ya tambaya, a ganinsa.

A coci suna tsaye, kowa da kyandir a hannu, fada yana karanta takardu. Ya zo kan tasu: "Toader, Saveta, Ilie, Gavril..."

Liviu ya ga kyandir ɗin kakarsa ya karkace, kakin yana ɗiga a kan yatsunta, ba ta ko motsa ba. A hanyar gida ya miƙa mata hannu kamar kullum, ta riƙe sandarta da hannu biyu.

Sai da suka shiga gida ta cire ɗankwalin coci, ta tambaye shi a hankali, "Wa ya zo ya gaya maka ya mutu?"

"Kaka, hankali ne kawai. Shekara hamsin da shida fa."

"Na ce wa ya gaya maka? Ka ga kabarinsa?"

Ya kawar da kai.

"Yau ka binne mini ɗan'uwa a gaban duk gari, da biro."

Kwana uku ba ta ce da shi komai ba sai "ga abinci" da "rufe ƙofa, sanyi". Ya kawo rikoda, ta juya masa baya. Da farko haushi ya ji, don shi a dole taimako ya yi. Amma ya ga ba fushi take yi ba, ciwo ne, irin wanda ke sa tsohuwa ta zauna bakin taga hannu a cinya tun safe. Abin ya dame shi ƙwarai, kunya ta rufe shi.

A rana ta huɗu ya bar rikoda a jaka. Ya tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar wake, ya ja kujera ya zauna ya sa hannu. Sun kai awa guda suna ɓara.

Can ya ce, "Kaka, na yi laifi. Ki yafe mini."

Ta ce, "Waken ma ba ka iya ba, rabi a ƙasa."

Ya sunkuya yana tsincewa. Yana ƙasa ya ce, "Ki ba ni labarin cokalin."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Je ka buɗe akwatin kayan aurena. Ƙarƙashin zanen gado akwai ƙunshi. Ka ɗauko har da injin naka, ba kullum zan iya faɗa ba."

Cokula ne na katako, ashirin da bakwai, ba wanda aka taɓa cin abinci da shi. Kowanne da tsaga uku a ƙarshen mariƙinsa.

Ta ce, "Alamar babanmu ce. Haka yake yi wa gatarinsa da laujensa, Gavril ne kaɗai ya koya."

Wannan karon Liviu bai taɓa madannin kashewa ba.

Ta ba shi labari. Shekara biyu bayan gudun Gavril, a babbar kasuwar bayan girbi, wata mai sayar da zuma daga duwatsun yamma ta miƙo mata kwalba da cokali ɗaure a wuyanta, ta ce, "An ce in ba ki." Ba wasiƙa, ba ƙarin bayani. Haka kowace shekara. Mijinta ya ce ta ja bakinta ta yi shiru, yara suna makaranta, kada a shafa musu. Bayan cokali na ashirin da bakwai, matar ba ta sake zuwa kasuwa ba.

"Da gwamnatin kwaminisancin ta faɗi fa? Me ya sa ba a nema ba?"

"Wa zai nema? Uwarka ta tafi aiki Italiya, kawunka ya bi ta. In sun zo hutu na fara maganar, sai su ce, 'Mama, cokali kuma?'"

Liviu ya sunkuyar da kai.

Ta ci gaba. "Ranar da innarmu za ta cika, ta riƙe hannuna ta ce, 'Domnica, kada ki sa shi cikin matattu sai wanda ya ga kabarinsa ya gaya miki.' Na ce to. Kana tsammani ban iya lissafi ba ne? Na fi ka sani. Kowace shekara in na dafa alkama, sai in ce a raina, in ya mutu, shekara nawa ke nan yana kwance ba mai dafa masa? In sa shi, na karya alkawari. In bar shi, na hana shi addu'ar mamata. Ga shi na kusa tafiya, ban san me zan gaya wa inna ba."

Ta goge ido da bakin zane ta koma kan wakenta.

Liviu ya koma birni da cokali ɗaya a aljihu. Ya saurari muryar nan ya fi sau goma. A duwatsun yamma, masu kiwon zuma da sassaƙa cokali a wancan zamani galibi 'yan zuhudu ne, mazan da suka bar duniya suka keɓe don ibada. Kuma wanda ya shiga cikinsu, sabon suna ake ba shi. Shi ya sa ko da an nemi Gavril, ba za a sami Gavril ba.

Gidajen zuhudu a yankin ba su da iyaka. Duk ƙarshen mako ya tuƙa mota ya nufi ɗaya. Can ba a katse tsoho, ba a kuma yi masa gaggawa. Mutumin da ba ya iya jiran ƙarshen jimla, sai ga shi yana zaman awa biyu a kan benci yana jin tarihin amya da ciwon gwiwa, kafin a duba cokalinsa a ce, "A'a, ba namu ba ne."

Gida bakwai ya zaga, hunturu ya shiga ya fita. A na takwas, wani ƙaramin gida a ƙarshen hanyar da mota ke bi da ƙyar, aka haɗa shi da Fada Nifon, tsoho mai kula da zuma. Ya karɓi cokalin ya shafa tsagar da babban yatsa.

"Ina ka samo aikin Fada Gherasim?"

Liviu ya ce, "Yana nan?"

"Yana nan bayan coci, tun hunturun 1988. Ni na haƙa kabarin."

Sati biyu bayan haka Liviu ya kawo kakarsa, ta sha baƙaƙen kayanta na coci, da kwanon dafaffiyar alkama a cinya. Duk gargadar hanya ba ta bari ya karɓa mata ba.

Fada Nifon ya kai su gaban wani gicciyen katako da ya sha ruwa da rana. Ta ce, "Fada, kai ka gan shi da idonka?"

"Ni na rufe masa ido, Inna. Bai sha wahala ba. Ya so ya rubuto miki, tsoron abin da zai same ku ya hana shi."

Ta gyaɗa kai. Ta durƙusa da ƙyar, ta dafa ƙasar da tafin hannu ta ce, "Gavril, ka ga yadda ka tsofar da ni?" Ta yi kuka mai isarta, ba wanda ya hana ta.

Da ta natsu, Fada Nifon ya ce, "Inna, ban ji sunanki ba."

"Domnica."

Tsohon ya tsaya cak. Ya ce su jira, ya shiga coci, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, an manna ta a kan kwali. Ya miƙa wa Liviu ya ce ya karanta mata.

Takardar sunaye ce mai layi biyu, da rubutun Gavril. A layin masu rai, suna na farko: Domnica.

Fada Nifon ya ce, "Ya bar mana ita, ya roƙe mu kada mu daina. Kowace safiya muna ambatonki cikin masu rai, yau shekara ashirin da takwas. Wani matashi a cikinmu ya taɓa cewa ai matar nan ta daɗe da rasuwa, a mayar da ita ɗaya layin. Na ce masa, wa ya zo ya gaya maka?"

Liviu ya kasa ɗaga kai. Kakarsa kuwa dariya ta yi, hawaye na zuba.

Ta ce, "To ku ci gaba, Fada. Ban shirya ba tukuna."

Sannan ta juya wajen jikanta. "Kunna injin naka."

Ya kunna. Ta yi alamar gicciye, ta jero masu rai har ta gama. Ta shiga mamata: "Toader, Saveta, Ilie." Ta ɗan dakata, ta buɗe kwanon alkama ta ajiye a gindin gicciyen, ta ce da bakinta, "Gavril."

Kaka Domnica ta ƙara shekara biyu a duniya. Da ta rasu, washegarin jana'iza Liviu ya hau dutsen da kansa, ya sami Fada Nifon ya ce, "Fada, na zo in gaya muku. Na ga kabarinta."

Darasi: In tsoho yana ba ka labari, kada ka zaɓar masa abin da ya kamata ya faɗa, kada kuma ka gyara masa abin da ba ka tambayi dalilinsa ba. Sau da yawa wurin da kake ganin surutu ne, nan zuciyarsa take. In Allah ya bar maka kaka ko kakan da ke numfashi, je ka zauna, ka kunna wayarka, ka yi haƙuri har su kai ƙarshe. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan labari, musamman wanda kullum yake cewa sai hutu mai zuwa zai je gida.