Fulgencio da Ya Hana Ƙanensa Sunan Marigayi

Akwai wani mutum mai suna Fulgencio a wani ƙauye kusa da Baney, a tsibirin Bioko. Katikis ne, shi ke jan addu'a a coci idan Fada bai zo ba. Rigarsa kullum a goge take, kuma ba a taɓa jin warin bammi a bakinsa ba.

Ƙanensa Anacleto kuwa sana'arsa hawa bishiyar kwakwa ya tsiyayo bammi, ya sayar da rabi, ya shanye rabi. Wata safiya ya hau a buge, igiya ta zame, ya faɗo. Kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa.

A wurinmu ba a kiran sunan mamaci haka tsurarsa. Sai an fara da "difunto", wato marigayi, a bi shi da "Allah ya ba shi hutu". Ko ɓarawo ba a hana shi wannan.

Amma Fulgencio ya hana ƙanensa. A zaman makoki wata maƙwabciya ta ce "difunto Anacleto", sai ya katse ta.

"Wane difunto? Mashayi ne ya faɗo kamar ruɓaɓɓiyar gwanda. Ku daina ɓata kalma."

Restituta, matar mamacin, ta durƙusa a gabansa. "Yaya, ko don yaransa."

"Tashi ki je ki wanke tulunan mijinki, har yanzu tsami suke yi."

Mahaifiyarsu, Mama Eulalia, makauniya ce. Tana zaune a tabarma tana ji.

Ranar tunawa da matattu ta zo, gari ya taru a maƙabarta da kyandir da furanni. Fulgencio ya kira waɗanda suka rasu a shekarar ɗaya bayan ɗaya, kowa da difunto ɗinsa da addu'arsa. Ya tsallake Anacleto, ya shiga rufe addu'a.

"Fulgencio, ka manta ɗan'uwanka," in ji tsohuwar.

"Ban manta ba, Mama."

"Sau ɗaya kawai, ɗana. In ji da kunnena."

"Da kin tsawata masa yana yaro, da yau ba ki tsaya kina roƙa masa abin da bai cancanta ba."

Mama Eulalia ta sa Restituta ta kunna mata wani kyandir. Ta lalubi ƙasa a gefen kabarin Anacleto, inda ba a binne kowa ba, ta kafa shi.

"Wannan na difunto Fulgencio ne, Allah ya ba shi hutu. Yaro ne mai tausayi, shi ke goya ƙanensa zuwa rafi. Ban ma san ranar da ya rasu ba."

Fulgencio ya yi murmushi, a zatonsa fushin tsufa ne, zai wuce. Bai wuce ba. Idan ya gaishe ta, shiru. Idan ya kawo mata kifi, sai ta tambayi Restituta wa ya yar da kaya a ƙofa. Matan kasuwa kuma suka samu abin yi: "A'a, difunto! Yaushe ka dawo? Ya mutanen can?"

Da ciwo ya kwantar da Mama Eulalia, Fulgencio ya shigo ya zube a bakin gadonta.

"Mama, difunto Anacleto, Allah ya ba shi hutu. Ga shi na faɗa. Kin ji? Na faɗa!"

Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, tun daga goshi har haɓa, ta daɗe. Sannan ta janye.

"Restituta, muryar nan ta yi kama da ta babban ɗana. Ki ba baƙon ruwa, ki raka shi."

Kafin a girbe koko ta rasu. Fulgencio ne ya ja addu'ar jana'izarta, don aikinsa ne. Da aka gama, mutane suka bi ta gabansa suka je wurin Restituta. Ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

Darasi: Wanda ya mutu ya bar hannunka, hukuncinsa na Allah ne. Kalmar girmamawa da ake yi masa, masu kukansa ne ke jin ta, kuma idan ka hana su a ranar da suke buƙata, ba lallai su karɓa ba ranar da ka ga dama. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.