Hannun Kyallu da Ya Ƙi Rufuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Yaya, mun matso.

An yi wata yarinya mai suna Kyallu, 'yar Tanko masaƙi da matarsa Delu. Kyakkyawa ce, har da wushirya, sai dai hannunta ya fi bakinta sauri. Akuya ta yi kuka, daƙuwa. Ƙawa ta taka ta, daƙuwa. Ko hayaƙi ne ya shiga idonta, sai ta ware masa yatsu biyar.

Wata safiya za ta makarantar allo, sai ta tarar da tsohuwar Hawainiya tana ƙetare hanya. Tsohuwar ta ɗaga ƙafa, ta yi tunani, ta ajiye.

Kyallu ta ce, "Ke tsohuwa, yau za ki wuce ko sai jibi?"

Hawainiya ta ce, "Babu gaisuwa, jikata?"

"Ungo gaisuwar!" Ta watsa mata daƙuwa.

Hawainiya ta juyo ido ɗaya, ta ce, "Na gani, amma ba tawa ba ce. Hannun nan zai zauna a buɗe har sai kin mayar da ita inda kika ɗauko ta. Kwana uku na ba ki. In rana ta ukun ta faɗi, zai bushe kamar reshe."

Kyallu ta yi dariya ta wuce. A makaranta ta kai hannu ga alƙalami, ya ƙi kamuwa. A gida ta kai hannu ga tuwo, loma ta ƙi yankuwa. Ga shi ba a ci da hagu. Delu ta shafa man shanu, ta gasa da ruwan ɗumi, yatsu suna nan a miƙe. Da Kyallu ta gaya mata abin da Hawainiya ta ce, sai Delu ta ɗauki mayafi.

"A makaranta kika ɗauko. Ni ban haifi mara kunya ba. Mu je!"

Suka sami Malam Ilu a gindin bishiyar bedi, yana feƙe alƙalami.

Delu ta ce, "Allah gafarta Malam, lafiyayyen hannu muka kawo maka, dubi abin da ka dawo mana da shi."

Malam ya ce, "Haba Delu! Ni baƙi da wasali nake koyarwa. A wane allo kika ga an rubuta daƙuwa?"

Sai Kyallu ta ɗaga hannun, ta rera:

"Hannuna, hannuna, rufe,
Aro na yi, zan mayar,
Mai shi ya zo ya karɓa."

Malam ya ajiye alƙalami, ya ce, "Gaskiya ɗaya. Ran Laraba na ga ta yi wa wata yarinya. Na kau da kai, don furata na gabana. Ban ba ta ba, amma na bar mata."

Ƙwas! Ɗan ƙaramin yatsa ya lanƙwashe. Saura huɗu.

Kashegari Delu ta ce, "To, ubanki ne." Suka sami Tanko a zaure, yana saƙa.

Ya ce, "Ni? Ni da ko kaza ba na yi wa tsawa?"

Kyallu ta rera:

"Hannuna, hannuna, rufe,
Aro na yi, zan mayar,
Mai shi ya zo ya karɓa."

Tanko ya ajiye ƙoshiyar saƙa. Ya ce, "Tana shekara biyu ta fara yi. Hannun ɗan mitsitsi, sai ya ba ni dariya. Duk baƙon da ya zo, sai in ce, ‘Kyallu, yi wa Baffa!’ Ta yi, mu tuntsire, in ba ta dabino."

Ƙwas! Yatsan zobe ya lanƙwashe. Saura uku.

Rana ta uku Delu ta ce, "To, maƙwabta ne." Suka zaga gida gida. Kyallu ta rera har muryarta ta dushe, ba yatsan da ya motsa. La'asar ta yi, fatar hannun ta fara tsagewa kamar ɓawon itace.

Tanko ya shigo tsakar gida, ya zauna kusa da matarsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Uwar Kyallu, kin tuna ranar da na fara ganinki a bakin rijiya? Na ce ki sam mini ruwa."

"Ban tuna ba."

"Daƙuwa kika yi mini. Ni kuwa ban ga zagi ba, lalle na gani. Washegari na tura Kawu gidanku."

Delu ta rufe fuska da mayafi. Ta leƙa hannun 'yarta, sai hawaye. Ta ce, "Tawa ce. Ina goye da ita nake yi wa kaji, ina yi wa tukunya in ta ƙi tafasa. Ita ma na sha yi mata. Kawo, 'yata, na karɓi abina."

Ƙwas! Ƙwas! Na tsakiya da manuni suka lanƙwashe. Saura babban yatsa, yana tsaye shi kaɗai, ga rana ta yi ja.

Tanko ya ce, "Wannan ba na kowa ba ne, Kyallu. Mu mun ba ki, amma ke kika jefi tsohuwa da ita."

Kyallu ta ruga. Ta sami Hawainiya a kan reshen tsamiya. Ta tsuguna ta ce, "Kaka, yi haƙuri." Amma fushi bai sake ta ba, sai ta kai hannun hagu bayanta, ta yi 'yar ƙaramar daƙuwa a ɓoye.

Hawainiya ta ce, "Jikata, ido ɗaya yana kallon bakinki, ɗayan yana zagaya bayanki. Kina so na hagun ma ya bi sahu?"

Kunya ta kama Kyallu. Ta dawo da hannun gabanta, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Ina wuni, Kaka. Na zage ki ba ki yi mini komai ba. Ki yafe mini."

"Lafiya lau, jikata. Na yafe."

Babban yatsa ya lanƙwaso a hankali, daidai lokacin da rana ta nutse. Amma ya makara. 'Yan'uwansa huɗu sun riga sun cika tafin hannu, sai ya kwanta a kansu daga waje.

Kowa ya dunƙule hannunsa in gani. Kun gan shi? Har yau a waje yake kwana.

To, abin da yaro ya yi a hanya, wani ne ya yi a gabansa, wani ya yi masa dariya, wani ya kau da kai. Kowa da nasa yatsan. Na ƙarshen kuwa na yaron ne, ba mai lanƙwasa masa.

Ƙurunƙus, kan ɗan ƙadangare. A wanke hannu, a kwanta.