Wanda Ya Zuba Maganin 'Yarsa a Tankin Mota

An yi wani mutum, mai gyaran fanka da firij. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba tonon asiri ya tara mu ba. Abokansa dai suna ce masa Na-Kowa, kuma sunan ya bi shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya gyara zama ya ce ba da shi ake ba.

Yana da mata da 'ya'ya biyu, jariri a goye da yarinya da ta fara zuwa makaranta. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da "Uwata". Yarinyar tana da ciwon fuka. In abin ya tashi, sai ƙirjinta ya riƙa fito, haƙarƙarinta na shiga suna fita. Maganinta abin shaƙa ne, ɗan ƙarami, bai fi tsawon yatsa ba. In ta shaƙa, numfashi ya dawo. In babu, sai addu'a da gudu.

Sana'arsa yau samu ne gobe rashi. Saboda haka aka sa gidansa cikin masu karɓar tallafin gwamnati. Aka ba matar kati, duk wata ana saka kuɗi a ciki don abincin yara da maganinsu. Ranar da ta kawo katin gida, ya ce, "Kawo in ajiye miki. Ke da goyo, ina ke ina bin layi?" Ta miƙa masa, har da lambar sirri. Wace ce a cikinmu ba za ta miƙa ba?

To, yana da mota. Tsohuwa ce, wani ya ba shi a madadin kuɗin aiki. Ƙofar baya da waya ake ɗaure ta, in za a tayar da ita da safe sai an roƙi masu wucewa su tura. Amma mota ce. Shagonsa kuwa yana bakin layinsu, daga ƙofar gida ana hango tulin fankokin da ya jera a waje. Ba ya bukatar mota don neman abinci. Yana bukatarta ne don a gan shi a ciki.

Kuma ana ganinsa. Mai zuwa tasha, Na-Kowa. Mai ɗauko suruka, Na-Kowa. Mai son a kai shi duba fili a bayan gari, Na-Kowa. Ba ya karɓar ko sisi. In wani ya sa hannu a aljihu, sai ya ɓata rai ya ce, "Haba, ka raina ni ne?" Su kuwa sai su ɗaga masa hannu: "Sai kai, babban yaya! Motar talakawa!" Kansa ya yi ta kumbura.

Wata rana allurar mai ta kwanta, aljihu kuma babu komai, ga mutane cike da mota. Ya shiga gidan mai, ya laluba, hannunsa ya faɗa kan katin yara. Ya miƙa wa mai zuba mai yana kallon gefe. Ya ɗauka na'urar za ta ƙi. Sai ta karɓa.

Daga ranar ya samu fatawa. Duk sanda zuciyarsa ta tsikare shi, sai ya ce mata, "Da haramun ne, ai da na'ura ba ta karɓa ba. Gwamnatin da ta yi katin ba ta hana ba, wa zai hana?"

Ku tsaya a nan, 'yan uwa, don kada a tafi a ce na ce sayen mai da kuɗin tallafi zunubi ne. Ban ce ba. Wanda ya zuba mai ya tafi wurin aiki ya dawo da abinci, ya yi daidai. Wanda ya zuba mai ya kai yaro asibiti, ya yi daidai. Amma yaushe na'ura ta zama malami? Tana sanin inda za ka? Tana sanin abin da ka baro a gida? Ita lamba ta sani. Amana kai aka ɗora wa.

Da farko rancen ɗan lokaci ne, in an biya shi kuɗin gyara zai mayar. Bai mayar ba. Wata na biyu ma haka. Da matar ta fara tambaya, sai ƙarya ta shigo.

"Maigida, an saka kuɗin?"

"Ina fa! Kin san aikin gwamnati. Sai sun ga dama."

Ta yarda, ta rage cefane, ta koma auna komai da ido. Har tausayinsa take ji, ganin yadda yake fita da sassafe.

Ana nan, abin shaƙar yarinyar ya fara sauƙi a hannu. Uwa ta san nauyinsa, kamar yadda ta san nauyin ɗanta. Ta girgiza shi a kunne, ta ji saura kaɗan. Ta faɗa masa. Ya ce gobe. Ta sake faɗa, ya ce jibi. Yarinyar da kanta ta ce, "Baba, abin hurawata ya kusa ƙarewa." Ya shafa kanta ya ce, "Uwata, kina da ni kike damuwa?"

Kuɗin watan suka shigo. Ya gani a wayarsa, bai faɗa ba. Daidai lokacin ne abokansa suka shirya zuwa kallon ƙwallo a wani gari mai nisa, kuma kowa ya san motar da za ta kai su. Da safe ya wuce gidan mai ya ce a cika. Bai taɓa cewa a cika ba sai ranar. Wani dogon abokinsa da ke zaune a gaba ya buga gaban motar yana dariya: "Yau gwamnati ce ta ɗauki nauyinmu!"

Ya biyo ta gida ɗaukar hularsa. Matar ta tare shi a bakin ƙofa, jariri a baya.

"Tun asuba take tari. Ba ta je makaranta ba. Abin nan kuma ya ƙare ƙaf. Ka ba ni katin in gwada, ko sun saka."

Abokai suna ta danna ƙaho a waje.

Ya 'yan uwa, a nan ne ƙofar tuba ta buɗe masa har bango. Da ya ce, "Na kashe kuɗin, ki yafe ni," da ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta ko ta kira yayanta, kafin rana ta yi tsaka magani yana hannu. Mace ba ta rasa dabara in ta san inda take tsaye. Amma kunya ta fi ƙarfinsa. Ya zaro katin da ya san babu komai a ciki, ya sa mata a hannu ya ce, "Gwada mana." Ya fita.

Ita kuwa hankalinta ya kwanta. Ta ce bari ta gama wanki, ta yi wa jariri wanka, sannan ta fita. Ai kati yana hannu.

Bayan azahar ciwon ya tashi gadan-gadan. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ga goyo, ta yi kantin magani da gudu. Yarinyar kanti ta sa katin a na'ura. Ta ƙi. Ta goge shi a riga ta sake sawa. Ta ƙi.

"Baiwar Allah, babu kuɗi a ciki."

"Ki ba ni, don girman Allah, zan kawo."

"Mai kantin ba ya nan, ni aiki nake. Bari in kira shi."

Ta kira, bai ɗauka ba. Uwar ta kira mijinta, ta kira, ta sake kira. Yana cikin ihun 'yan kallo, waya na aljihu. Wani maƙwabci mai babur ne ya gan su ya ɗauke su. Hanyar asibiti da nisa, ga cunkoso. Kafin su isa, fiton ƙirjin ya daina.

Da la'asar sakaliya ya ga kiran. Ya iso asibiti da motarsa cike da mutane. Matar tana zaune a kan benci, ba ta kuka. Ta ɗago ta ce, "Sun ce babu kuɗi a katin."

Ya buɗe baki zai ce gwamnati. Dogon nan, da bai san dawar garin ba, ya riga shi: "Wane kati? Ba shi muka cika tanki da shi da safe ba?"

Bayan kwanakin zaman makoki yayan matar ya zo ya tafi da ita da jaririn. Ba ta dawo ba.

Abokai suka zo gaisuwa, suka watse, suka samu wata motar. Shagon ya koma buɗewa yau, rufewa gobe, har masu kaya suka kwashe fankokinsu. Motar tana nan a ƙofar gidan, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilas. An taya, ya ƙi sayarwa. An ce ya tayar da ita, ya kasa. Akwai sauran man ranar a tanki, kusan rabi. Ya ce ba zai iya ƙona shi ba, ba zai iya zubar da shi ba.

Na san wani zai ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma ranar hisabi ba za a tambaye shi kwanan yarinya ba. Za a tambaye shi abin da aka damƙa masa dominta.

Ku iyaye maza, abin da aka bayar da sunan yaro na yaro ne. Kunyar aboki ba ta kai numfashin ɗanka ba. In kuma ka riga ka taɓa, ka faɗa yau, da bakinka. Faɗan mata na yini ɗaya ne.

Ku kuma 'yan uwana mata, ni ma goyo ne a bayana, ba daga sama nake magana ba. Yarda da miji ibada ce, amma sanin abin da ke cikin katin 'ya'yanki ba rashin kunya ba ne. Ki riƙe lambar. Ki duba da idonki. Ranar da kuɗi suka shigo, magani ne farko, kafin gishiri ma. In ɗanki yana da ciwo mai tashi ba sallama, kada ki jira na hannu ya ƙare kafin ki nemi wani.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu. Allah ya hana mu cin haƙƙin wanda bai iya tambayarmu ba. Allah ya kiyaye mu, mu da mazajenmu, daga kunyar mutane da ke mantar da kunyarsa. Amin.