Sallamar da ke layi na tara

Akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Kwamfuta. Shekara goma sha biyu yana kula da wani ɗan laburare, wato guntuwar manhajar da manyan manhajoji ke jingina da ita. Aikin laburaren lissafin kwanan wata ne kawai, amma hatta babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutocin ofisoshi da asibitoci sai da shi take tashi.

Shi kaɗai yake aikin a ɗakinsa. Matarsa ta rasu, yara sun watse, idonsa kuma ya fara mutuwa. Saƙonnin da ke shigo masa duk na ƙorafi ne, ko sannu babu.

Wata rana kaɗaici ya ishe shi, ya rubuta a layi na tara na rubutun da ke cikin laburaren: "Duk wanda ya karanta nan, don Allah ya yi mini sallama." Shekara huɗu shiru. Ni kaina abin ya ba ni tausayi.

A wani ofis kuwa, musu ya kaure tsakanin oga da wata injiniya da ake wa laƙabi da Tone-tone, saboda bin diddiginta. Ko abinci ita kaɗai take ci.

Ta ce, "Oga, mun ɗora aikinmu a kan laburare arba'in, ko ɗaya ba mu taɓa buɗewa ba."

Ya yi dariya. "Ke dai da neman aiki. Dubban mutane ke amfani da su, ai idanu sun yi yawa a kai."

"Idon wa? Faɗa mini mutum ɗaya."

Ya ce ta je ta yi ta tonon. Ta koma kujerarta ta fara bi ɗaya bayan ɗaya, har ta iso laburaren Baba, ta ga layi na tara. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta aika da sallama.

Washegari amsa ta zo: "Wa alaikumus salam, 'yata. Yanzu ba na ganin rubutu sosai. Jibi na yi niyyar miƙa wa wani baƙo makullin aikin nan, wato ikon kula da shi, don shi kaɗai ya ce yana so."

Ta roƙe shi ya dakata. Da ta duba wani gyara da baƙon ya turo a saka a laburaren, sai ga wata ɓoyayyiyar kafa da zai riƙa shiga kwamfutocin mutane ta ciki. Ta nuna wa oga, ya karanta, ya yarda da gaskiyarta.

Ita ta karɓi makullin. Ta tambayi Baba ko ta goge layi na tara.

Ya ce, "Goge shi, 'yata. An amsa."

Darasi: Abin da kowa ke cewa wani na dubawa, sau da yawa ba mai duba shi. Ka san abin da aikinka ya jingina da shi, ka kuma gaida wanda ke riƙe da shi. Ku tura wa masu harkar kwamfuta su gani.